Kaboyi da Kaskon Wake

Ina da wani kawu a Maraɗi, ƙanen mahaifiyata, wanda har gobe abokan ƙuruciyarsa ba su kiran shi da sunan yanka. Ya haura sittin, yana da jikoki, ya je Makka ya dawo, amma ranar salla in tsofaffin abokan nan suka zo gaisuwa sai ka ji daga zaure: "Alhaji Tirinita na ciki?" Ina yaro na ɗauka sunan wani waliyyi ne. Sai da na girma na gane sunan wani ƙazamin kaboyi ne na fim ɗin Italiya, malalaci, mai cin wake da cokalin katako daga cikin kasko.

Abin da ya sa na tuno shi, kwanan baya muna shan shayi a fada bayan darasi, gardama ta tashi a kan fina-finai. Wani daga cikin ƴan ƙungiyarmu, wanda ba zan faɗi sunansa ba don ya san kansa, ya ce fim ɗin kaboyi iri biyu ne: akwai na gaske, irin na John Ford da Sergio Leone, wanda ɗalibi zai iya yin nazari a kansa ba kunya, akwai kuma na mari da wake, na ƴan yara da ƴan tasha. Kowa ya yi dariya, har da ni. Da na koma ɗaki abin ya tsaya mini a rai, domin in aka zo maganar tarihi, ni a ganina na mari da waken sun fi faɗin gaskiya. Wannan takarda amsa ce gare shi, kuma na san zai karanta.

Mu fara da kalmar, tunda ita ce sana'ata. Kaboyi daga Ingilishi muka aro ta, kuma can asalinta kalmomi biyu ne a haɗe, saniya da yaro. Yaron shanu ke nan, makiyayi. Mu kuwa da ta shigo bakinmu sai ta zama sunan mai bindiga, marar tsoro, wanda ba a taka shi. Tsakanin ma'anar farko da ta biyu akwai tarihi guda, kuma ba mu muka karkatar da ita ba, a karkace aka kawo mana.

Zamanin kaboyi na ainihi gajere ne ƙwarai, shekara ashirin ne da ƴan kai. Bayan yaƙin basasar Amurka ya ƙare a 1865, jihar Texas ta cika da shanu ba masu saye. Saniyar da ake bayarwa a kan dalar Amurka 4 a can tana iya kai 40 a biranen arewa. Sai aka shiga kora garkuna zuwa inda layin dogo ya tsaya, kamar garin Abilene na jihar Kansas, wanda aka buɗe wa kasuwar shanu a 1867. Garke ɗaya ya kan kai shanu 2,500 ko 3,000, mutum goma sha wani abu ke bin sa, tafiyar wata biyu ko uku, cikin ƙura da ƙishirwa, a kan albashin da bai wuce dala 30 ko 40 a wata ba. Duk wanda ya taɓa ganin Fulani suna gangarawa da shanu kudu da rani ya san irin aikin. Masana tarihi suna ƙiyasta cewa kusan ɗaya cikin huɗu na waɗannan makiyaya baƙar fata ne, da yawansu bayi ne da aka ƴanta, ga kuma ƴan Meziko masu yawa, waɗanda su ne ma suka koya wa sauran sana'ar. Harshe bai ɓoye wannan ba: sunan igiyar kama saniya, da sunan wasan hawan dabba, da sunan gandun kiwo, da na dokin daji, duk daga Sipaniyanci Ingilishin Amurka ya aro su. A 1874 aka yi rajistar wayar ƙaya, masu gona suka fara killace burtali, layin dogo ya iso har Texas, sanyin 1886 zuwa 1887 ya kashe shanu ba adadi. Shi ke nan, zance ya ƙare.

Harbe-harben fa? Akwai, amma ba yadda aka nuna mana ba. Wani masanin tarihi, Robert Dykstra, ya bi takardun garuruwan shanu biyar na Kansas daga 1870 zuwa 1885, ya ƙirga kisan kai 45 gaba ɗaya. Ga ƙananan garuruwa wannan ba kaɗan ba ne, amma Django shi kaɗai ya kan zubar da kusan haka kafin ka gama tauna gyaɗar dala biyar. Garuruwa irin su Dodge City da Tombstone suna da dokar hana yawo da bindiga cikin gari, baƙo in ya shigo sai ya ajiye. Shahararren faɗan nan na O.K. Corral, na 26 ga Oktoba 1881, wanda aka yi wa fim ya fi a ƙirga, daƙiƙa talatin ya ɗauka, mutum uku suka mutu, kuma musabbabinsa na kusa shi ne an je karɓe bindigogin waɗanda suka karya waccan doka.

To wa ya mai da makiyayi sarkin yaƙi? Ƴan kasuwar nishaɗi. Tun ana cikin abin, ƙananan littattafan sisin kwabo suna ta ƙaga labarai. A 1883 Buffalo Bill ya kafa wasan dawakinsa, ya yi ta yawo da shi, har Paris a 1889. Sitting Bull, shugaban Lakota, ya yi ƴan watanni cikin wasan a 1885 yana zagaya fili ana kallonsa. A Disamba 1890 aka harbe shi, bayan mako biyu sojoji suka kashe mutanensa fiye da 200 a Wounded Knee, da yawa mata ne da yara. Sinima ta gaji wasan Buffalo Bill, ta bar Wounded Knee a baya. Fim ɗin The Great Train Robbery na 1903, wanda ake ɗauka kakan fina-finan kaboyi, a New Jersey aka ɗauke shi, gabas can kusa da New York. Daga nan tsarin ya kafu: fari ne, dogo ne, ba ya yawan magana, rigarsa ba ta datti, harsashinsa ba ya ƙarewa, ƙasar kuma fanko ce tana jiran sa, in ban da waɗanda iyayenmu ke ce wa Indiyan daji, masu ihu suna faɗowa daga doki. Kawuna ya ce in sojan doki suka busa ƙaho suka taho, gidan sinima gaba ɗaya sai tafi da fito. Jikokin waɗanda sojan Voulet da Chanoine suka ƙone wa garuruwa a 1899 suna yi wa sojan mamaya tafi. Ban faɗi haka don in zarge su ba, da ina wurin da na tafa.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, tun tatsuniyar tana jaririya akwai masu yi mata gwalo. A 1925, lokacin fim bai fara magana ba, Buster Keaton ya yi Go West. Yaro ne marar kowa, ya sami aiki a gandun shanu, bai iya hawa doki ba, bindigarsa ƴar mitsitsiya ce irin ta jakar mata, tana ɓacewa cikin kube sai ya ɗaura mata zare. Abokiyarsa ɗaya a duniya wata saniya ce da ya cire wa tsakuwa daga kofato. A ƙarshe ya ceci garken mai gandun, ya kora shi ta tsakiyar titunan Los Angeles, mai gandun ya ce ya zaɓi abin da yake so. Ya nuna bayansa, inda ɗiyar mai gidan take tsaye. Ashe saniyar yake nufi, tana bayan ɗiyar. Ka duba da kyau: wannan na cikin ƴan fina-finan kaboyi ƙalilan da saniya take da muhimmanci a ciki. Manyan fina-finan "na gaske" sau da yawa za ka kalle su daga farko har ƙarshe ba ka ga yaron shanu ya kula da saniya ko ɗaya ba. Na tabbata Bafulatani zai fi gane Keaton a kan John Wayne.

Shekarar 1939 ita ce ake cewa kaboyi ya zama babban fim, saboda Stagecoach na John Ford. A ƙarshen wannan shekarar ce kuma aka fito da Destry Rides Again, na George Marshall. Garin Bottleneck yana hannun wani mai gidan giya da caca, wanda ke ƙwace gonakin mutane da kartar maguɗi. Ya sa an kashe sherif, magajin garinsa ya naɗa mashayin gari a madadinsa don a yi dariya. (Sherif ɗin nan ba shi da dangantaka da sharifanmu, tsohuwar kalmar Ingila ce, tana nufin wakilin sarki a gunduma. Na faɗa ne don na taɓa jin ana gardamar.) Mashayin ya aika a kira masa ɗan wani shahararren maharbi ya zama mataimakinsa. Gari ya taru a ga dodo, sai ga James Stewart ya sauko daga keken doki riƙe da laimar mace da kejin tsuntsu, ba bindiga, ya shiga mashaya ya nemi madara. Ya iya harbi sarai, amma ubansa da ya iya harbi ta baya aka harbe shi, don haka shi doka yake so, da shaida, da alƙali. Abin dariyar fim ɗin ke nan, kuma shi ne ya fi kusa da yadda aka zaunar da garuruwan nan a zahiri: da dokar ajiye makami da tara da kotu. Ba zan ɓoye ba, a ƙarshe fim ɗin ya ji tsoron kansa, Destry ya ɗaura bindiga bayan an kashe abokinsa. Amma ko a nan matan gari ne suka fito da muciya da tsintsiya da abin murza fulawa suka share mashayar.

Na Laurel da Hardy na 1937, Way Out West, zan wuce shi da sauri duk da ina son sa: wawaye biyu aka ba takardar mallakar ramin zinariya su kai wa marainiya, suka miƙa wa wata daban. Ba tarihi a ciki sosai, sai dai rawar da suka taka a ƙofar mashaya, wadda in ka gan ta ba ka yi murmushi ba to ka je likita. The Paleface na Bob Hope, 1948, shi ma ya juya abu ɗaya da kyau: namijin matsoracin mai cire haƙori ne, macen ce ke harbi daga ɓoye ana yaba masa. Amma ƴan asalin ƙasar a fim ɗin tulin gawa ne kawai na ban dariya. Wannan kam ba ni da abin da zan kare shi da shi. Ba kowane mai ba da dariya ne mai gaskiya ba.

Zuwa 1965 tatsuniyar ta tsufa, tele ta Amurka ta cika da kaboyi har ya gundura. Cat Ballou ya fito a wannan shekarar. Jane Fonda malamar lakwal ce, kamfani yana son filin ubanta, ya sa an kashe shi. Ta ɗauko hayar wani maharbi da ta karanta labarinsa cikin ƙananan littattafan nan, sai aka sauke mata tsohon mashayi wanda ko bangon rumbu ba ya iya samu in bai kurɓa ba. Lee Marvin ne, kuma shi ne ya fito a matsayin makashin ma, mai hancin ƙarfe. Ya ci kyautar Oscar da wannan wasa, ya kuma ce rabin kyautar na dokinsa ne, dokin da aka nuna ya jingina da bango ya harɗe ƙafafu kamar shi ma ya sha. Abin da ya fi burge ni shi ne mawaƙa biyu, Nat King Cole da Stubby Kaye, da suke bin labarin da ƴan molayensu suna wasa jaruma, alhali muna ganin abin da ya faru bai kai yadda suke faɗa ba. Duk wanda ya tashi inda ake da maroƙa ya san wannan tazara tsakanin kirari da mai kirari. Fim ɗin yana nuna maka yadda ake ƙera gwarzo, da hannun wa, kuma don a sayar wa wa.

Yanzu ku gyara zama, don a nan ne abin ya zo gida. Shekara ɗaya bayan Cat Ballou, a 1966, wani saurayi ɗan Nijar mai shekara 24, Mustafa Alasan, ya ɗauki fim na minti talatin da ƴan kai mai suna Le Retour d'un aventurier. Makanike ne tun farko, ya koyi aikin kamara a Yamai tare da Jean Rouch, ya je Kanada ya ga aikin zanen motsi wurin Norman McLaren, daga baya ya zauna Tawa shekaru masu yawa, ya rasu a 2015. Labarin: Jimi ya dawo daga Amurka da tsaraba, akwati cike da kayan kaboyi, malafa da takalma da ɗamara da bindigogi, ya raba wa abokansa. Daga saka kaya sai suna ya canza. Babu sauran Ibrahim ko Bubakar, sai Black Cooper, James Kelly, Casse-Tout, da Reine Christine, wadda Zalika Sule ta fito a matsayinta. Jingare Maiga, wanda ya zama babban mai shirya fim daga baya, yana cikinsu. Kaboyi kuwa ba ya yiwuwa ba doki, sai sata. Ba ya yiwuwa ba faɗan mashaya, sai a nemi dalili. Suka addabi gari, dattawa suka rasa yadda za su yi da ƴaƴansu, wasa ya zama ba wasa ba.

Ka lura da abin da Alasan ya gano. Kaboyin sinima kaya ne da suna da salon tafiya. Duk wanda ya saka ya zama. Ba a buƙatar shanu. A ƙasar da makiyaya na gaske suke ko'ina, samarin nan ba wanda ya yi sha'awar kiwo, rigar suke so. Buffalo Bill ma abin da ya sayar ke nan. Kuma ba a Nijar kaɗai abin ya faru ba: a Kinshasa ta shekarun 1950 akwai gungun samari da ake kira Bills, daga sunan Buffalo Bill, har suka ƙago nasu zaurancen, Hindubill, mai gauraya Lingala da Faransanci da kalmomin sinima. Alasan ya ɗauki wannan ciwo ya yi masa irin abin da Damagarawa ke yi a wasan kara, inda talaka ke saka kayan gwamna ya kwaikwayi tafiyarsa a gaban jama'a. Mai kallo yana dariya, yana kuma gane cewa rabin sarautar tufafi ne. Wani Bafaranshe, Serge Moati, ya ɗauki yadda aka yi aikin, ya sa wa nasa fim suna Les cow-boys sont noirs, wato kaboyi baƙaƙe ne. Da barkwanci ya faɗa, amma mun riga mun ga cewa a Texas ma maganar tana da ƙamshin gaskiya. Ita kuwa Zalika ta biya kuɗin wasan da tsada, don mutane da yawa ba su raba ta da matan da take kwaikwaya ba. Fim ɗin Rahmatu Keita na 2004, Al'lèèssi, ya nuna halin da ta shiga. Abin kunya ne a ce yawancinmu mun san Clint Eastwood ba mu taɓa ganin wannan fim ba.

A can Turai kuma Italiyawa sun karɓe sana'ar. Daga 1964, da fim ɗin kaboyi na farko da Leone ya yi, suka shiga ɗaukar kaboyi a busassun tuddan Sipaniya, ɗaruruwan fina-finai, kowane yana ƙoƙarin ya fi na baya jini. A Django na 1966 jarumin ya shigo gari yana jan akwatin gawa cikin taɓo. Wanda ya riƙe kamara a wannan fim, Enzo Barboni, shi ne bayan shekara huɗu ya shirya On l'appelle Trinita, kamar yadda muka san sunansa a Faransanci. Dubi yadda ya buɗe shi: a maimakon jarumi ya ja akwati, doki ne ke jan jarumi, yana kwance a kan wani gado na sanduna yana barci, ƙura ta rufe shi, riga duk huji. Ya shiga rumfar abinci ya share kaskon wake shi kaɗai, ya yi gyatsa. Wannan shi ne Terence Hill, sunansa na gaskiya Mario Girotti. Wansa Bambino, wato Bud Spencer, ɓarawon dawaki ne da ya sami tauraron sherif ya maƙala yana jiran abokan sata. Shi ma Carlo Pedersoli ne sunansa, gwanin ninkaya da ya wakilci Italiya a wasannin Olamfik na 1952 da 1956. Italiyawa biyu da sunan Amurkawa, mai shiryawa ma ya sa hannu da E.B. Clucher. Akwatin Jimi ke nan, an buɗe shi a Roma.

Labarin kuma na fili ne. Wani mai kuɗi da ake kira Manjo yana son kwarin da wasu manoma masu addini suka zauna, waɗanda imaninsu ya hana su riƙe makami, don ya zuba dawakinsa. Rikicin mai dabba da mai gona, wanda ba sai an yi wa ɗan Nijar bayaninsa ba, kuma shi ne ainihin rikicin Yammacin Amurka: fili, ruwa, burtali, shinge. Yadda aka warware shi ne ya sa abokina ya raina fim ɗin: an ajiye bindigogi an yi dambe, mari da dundu a tsakar ka, mutum ya faɗi ya tashi yana layi. Ni kuwa a nan nake ganin cancantarsa. Bayan shekara shida ana yanka mutane kamar kaji a allon sinima, wani ya zo ya ce a mari juna a tashi. Jama'a suka amsa, har na biyunsa na 1971 ya zama ɗaya daga cikin fina-finan da aka fi shiga kallo a tarihin Italiya. Dattin jikin Tirinita da yunwarsa da wakensa sun fi kama da yaron shanu na 1870 a kan farar rigar jaruman Hollywood.

Wani abu da ɗalibin harshe ba zai wuce ba: babu wanda ya taɓa jin "asalin" muryar waɗannan fina-finai. A Italiya lokacin ba a ɗaukar sauti a fili, daga baya ake ɗorawa, kuma ko a Italiyancin wasu mutane ne suka yi wa Hill da Spencer magana. Iyayenmu da Faransanci suka ji su, Jamusawa kuma masu fassararsu suka yi ta cusa barkwancin da babu shi a asali har ya zama salo. Masu raina fassarar fina-finan Indiya da ake yi a Kano, wai ana ƙara abin da ba a faɗa ba, su sani abin yana da kakanni.

Leone da kansa ya gane iska ta juya. A 1973 ya ba da shawarar Mon nom est Personne, Tonino Valerii ya shirya, aka haɗa Henry Fonda, tsohon jarumin John Ford, da Terence Hill. Shekarar labarin 1899. Tsoho ya gaji, yana son ya hau jirgin ruwa ya tafi Turai ya huta; yaron, mai suna Ba-Kowa, ya nace sai ya tsaya shi kaɗai gaban mahaya 150 don ya shiga littafin tarihi. Daga baya suka shirya faɗan ƙarya a titi, da mai hoto a tsaye, tsoho ya yi kamar ya mutu. Allon da aka kafa masa yana cewa ba kowa ya fi shi saurin hannu, magana mai harshen damo. A Faransanci ma abin ya fi daɗi, don kalmar personne tana nufin mutum, tana kuma nufin babu mutum. Tarihin kaboyi ke nan a dunƙule: mai hoto, da ƴan kallo, da gawar da ba ta mutu ba.

Wanda ya fasa ƙwan gaba ɗaya shi ne Blazing Saddles na Mel Brooks, 1974, wanda Richard Pryor yana cikin marubutansa. Shi aka so ya ja fim ɗin, kamfanin ya ƙi, aka ba Cleavon Little. Yana buɗewa da leburorin layin dogo, baƙaƙe da ƴan Sin, waɗanda su ne a zahiri suka sha wahalar aikin. Ɓangaren yamma na layin da aka haɗe a 1869 yawancin ma'aikatansa ƴan Sin ne. Baƙaƙe biyu suka nutse cikin yashi mai haɗiya tare da kurar aiki, shugaban aiki ya jefa igiya ya ceto kurar, ya bar mutanen, don ita da kuɗi aka saye ta. Wani babban jami'i yana son filin garin Rock Ridge saboda jirgi zai bi ta nan, sai ya sa aka naɗa musu baƙin sherif don su watse da kansu. Mutanen kirki na gari, masu zuwa coci, waɗanda a kowane fim su ake ceto, a nan su ne suka ɗaga bindiga kan mai cetonsu, har sai da ya ɗora wa kansa bindiga a wuya ya yi garkuwa da kansa ya tsira. Kalmar zagin baƙar fata tana yawo a fim ɗin ba adadi, kuma har yau ana gardama a kanta. Ni dai na lura duk bakin da ta fito da niyyar zagi, bakin wawa ne. Baƙin sherif kuwa ba ƙage ba ne: Bass Reeves, wanda aka haifa bawa, ya zama mataimakin marshal a 1875, ya yi shekara talatin da wani abu yana kamo masu laifi. Hollywood ta yi kusan ƙarni ba ta gan shi ba.

Akwai wurin da kaboyi suka kewaye wuta suna cin wake, sai abin da wake ke sawa ya fara fita, ɗaya bayan ɗaya, kusan minti guda. An ce tusa ba ta hura wuta, amma wannan ta ƙone fina-finai ɗari. Shekara saba'in ana nuna maza suna cin wake da baƙin gahawa, ba a taɓa jin sakamako ba.

Sai kuma sarkin Indiyawa, wanda Brooks ya fito da kansa, fuska da fenti, yana magana da Yiddish, harshen Yahudawan gabashin Turai. Dariyar tana da tushe: shekara da shekaru Yahudawa da Italiyawa ake shafa wa ja su fito a matsayin ƴan asalin ƙasar. Iron Eyes Cody, wanda ya yi suna a wannan matsayi, iyayensa ƴan Sisiliya ne. In kuma an ɗauki na gaske, ba wanda ke damuwa da abin da suke faɗa. Fim ɗin bincike na 2009, Reel Injun, ya sa an fassara maganar ƴan Navajo a wani fim na 1964, A Distant Trumpet, sai ga shi zagin hafsan soja suke yi a gaban kamara, shi kuwa yana amsawa da fuskar girma. Ashe cikin fim ɗin "na gaske" ma akwai na ban dariya a ɓoye, sai dai an yi shi ne don masu jin harshen. A ƙarshen Blazing Saddles faɗa ya fasa bangon sutudiyo ya faɗa cikin wani fim ɗin rawa da ake ɗauka a maƙwabta, ya fito titi. Jarumai biyu suka hau dawaki suka nufi faɗuwar rana, suka yi ƴar tafiya, suka sauka, suka miƙa linzami, suka shiga wata doguwar mota.

Da hutun da ya wuce na je Maraɗi, na zauna da kawu a ƙofar gida bayan la'asar, na nuna masa fim ɗin Alasan a talho. Bai taɓa ganin sa ba. Da aka buɗe akwatin ya yi dariya har da tari, ya ce, "Wallahi haka munka yi. Wani ya zan Jango, wani Ringo, hulunan kaba munka lanƙwasa ma baki." Na ce to shi me ya sa ya zaɓi Tirinita, saurin hannu ne?

Ya ce, "Wane saurin hannu, ɗana? Ni Jango ni so. Ina yaron gareji ne, kullum maigida ya neme ni sai ya ishe ni ƙarƙashin kamyo ina kwana. Rannan kuma anka aiko muna da shinkafa da wake, mu huɗu, kahin su wanke hannu na gama da ita. Tun daga ranan sunan ya bi ni."